Guzurin Mangwaron Zubairu

Ni mutum ne mai saurin fushi, duk ma'aikatan gidajen Turawa na unguwar Nasarawa a Kano sun san haka. Shi ya sa ake mamakin yadda na zauna gida ɗaya da Zubairu shekara da shekaru ba mu taɓa kai ƙarar juna ba. Ni ne kuku, sunana Sule, shi kuma gadina, wato mai kula da lambu, a gidan wani Baturen gwamnati da muke ce wa Mai Lofe, don lofen taba ba ya barin bakinsa sai in zai ci abinci. Labarina bai wuce tukunya da murhu ba, saboda haka na Zubairu zan ba ku.

Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Rano. Cin rani ya kawo shi Kano tun kafin babban yaƙin duniya, yana ɗebo wa magina ruwa a garwa. Baturen da ya fara zama a gidan ya lura da wani saurayi da kullum in ya juye ruwa sai ya rage ɗan kaɗan a gindin garwa, ya je ya zuba wa wata fulawa da ke mutuwa a bakin shinge. Ya kira shi ya miƙa masa fartanya, shi ke nan Zubairu ya zama gadina. Turawa uku suka zauna a gidan nan ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya zo ya gaje shi tare da kujeru da tebura.

Ba shi da sauri a komai. In ka yi masa tambaya da hantsi, ka dawo da azahar karɓar amsa. Yana hira da shuke-shuke kamar mutane, har ya yi wa kabewa faɗa in ta hau inda bai ce ta hau ba. Amma babban halinsa, wanda ya fi ba ni haushi, shi ne ba ya iya ganin mutum zai kama hanya hannu rabbana. Ko tambayar gida ka tsaya yi, sai ka tafi da gwanda ko 'yar gyaɗa a aljihu. Gurasar da na ajiye don shayin safe ta sha bin baƙinsa zuwa tashar mota. In na taso masa da masifa sai ya ce, "Haba Sule, matafiyi ne fa. A bar shi ya tafi ba guzuri?"

A bayan kicin ɗina akwai wata bishiyar mangwaro. Baturen farko ne ya zo da ita tana 'yar ƙarama, wai daga wata ƙasa ta bayan teku, Zubairu ya dasa ta da hannunsa. Ban taɓa shan irinsa ba, har yau kuwa. Ba zare, ƙwallon ciki ɗan siriri, in ya nuna ƙanshinsa har titi. Mutane da yawa sun roƙi ƙwallon sun shuka, amma abin da ya fito musu mangwaro ne gama-gari mai cika haƙori da zare. Irin wannan bishiya ba ta gado ta ƙwallo, sai an yi mata aure: a yanko reshenta a tsaga kan dashen mangwaron gida a cusa, a ɗaure da rama, a shafe da kakin zuma, har su haɗe su zama jiki ɗaya. Zubairu ya koyi wannan a wurin wani malamin gona, hannunsa kuma ya karɓa.

A shekarar samun 'yancin kai aka gaya mana Mai Lofe zai koma ƙasarsu. Wani babban ma'aikaci ɗan ƙasa ne zai shiga gidan, kuma da mutanensa zai zo. Ni ban damu ba, kuku ba ya rasa murhu. Zubairu kuwa gwiwoyinsa sun fara ƙara, furfura ta cinye gemu, ba wanda zai ɗauki tsohon gadina. Sannan aka ce za a gina wa motar sabon maigidan ɗaki, daidai inda mangwaron yake.

Ashe tun bara Zubairu yana da dashen mangwaron gida ashirin da 'yan kai a cikin garewanin kananzir da ya raba biyu. Da damina ta sauka sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya yi musu aure da rassan bishiyar nan. Yana da 'yar fadama da ya gada a ƙauye, matarsa Dije tana can tana jiran ranar da zai dawo gaba ɗaya. Niyyarsa ya kai su can ya dasa, su zama abincin tsufansa. Sun kama kuwa, sun fito da ganye sharaf. Bayan nan masu gatari suka zo. Ni ne na tsaya a ƙofar kicin ina zazzaga musu ruwan masifa, shi ya koma can ƙarshen lambu ya ba su baya yana cirar ciyawar da babu ita. Daga ranar, duk abin da ya rage na bishiyar nan a duniya yana cikin garewanin Zubairu.

Ana cikin ɗaure kaya Mai Lofe ya kira shi ya ba shi kyautar rabin buhun takin Turawa, wanda yanzu ake ce wa takin zamani, fari tas kamar gishiri. A lokacin bai yaɗu ba, mu dai muna jin labarinsa a bakin manoman gyaɗa. Da Hausarsa ta 'yan koyo ya ce, "Kaɗan-kaɗan, Zubairu." To, kaɗan ɗin Zubairu ba irin na sauran mutane ba ne. Mutumin da ya tashi yana kai takin shanu gona a mangala, jaki bayan jaki, a wurinsa cikin tafin hannu ai ba komai ba ne. Ga shi ya shirya da wani direban lori zai kwashe shi da kayansa bayan bikin 'yanci. Hanya ce mai nisa, ga rana ga gargada. Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ya bi kowace garwa ya zuba mata taki hannu biyu cike a gindin dashen, ya yayyafa ruwa, ya dawo yana murmushi ya ce mini ya yi wa yaransa guzuri.

Washegari da azahar ganyen suka sunkuyar da kai. Ya ƙara musu ruwa da moɗa. Kwana ya sake kewayowa suka langaɓe, bakin ganyen ya fara ƙonewa kamar an gifta da wuta. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne ƙasar jiƙe take, in ka tura yatsa har laka yake fitowa da ita, amma dashen na mutuwar ƙishirwa. Na ce tsutsa ce. Ya tona, ba tsutsa. Ya ce ko bakin mutane ne, don kowa ya shigo sai ya yaba. Ya yi tofi, ya zauna a kan kututturen bishiyar da aka sare ya yi tagumi. Na kawo masa tuwo ya huce a gabansa. Gaskiya tsoro ya kama ni, don ban taɓa ganin Zubairu ya ƙi kallon shuka ba.

A ranar ne da la'asar Malam Simon ya zo sallama. Malamin makaranta ne, Kirista daga wajen Zazzau, yana koyar da kimiyya a Sabon Gari, yakan zo a keke ya koya wa Uwargida, matar Mai Lofe, Hausa. Shi da Zubairu ba sa haɗuwa ba su taɓa wasan Kanawa da Zagezagi ba. Ya jingine keke ya ce, "Bakano, yau kuma ba za a gaishe da iyayen gida ba?"

Zubairu bai ɗago ba. Malam Simon ya dube ni, na nuna masa garewanin da baki. Ya tsuguna, ya shafa wani farin ɓawo da ya taso a saman ƙasar, ya ɗan taɓa a harshe ya tofar.

"Malam Zubairu, me ka ba su?"

"Takin da Bature ya ba ni ne, Malam. Guzuri na yi musu."

"Kamar yaya ka zuba?"

Zubairu ya haɗa tafukansa biyu ya nuna. Malam Simon ya rufe ido, ya ce, "Wayyo." Sannan ya juyo gare ni. "Sule, taimake ni da dankalin Turawa guda, da kwano biyu, da gishiri."

Na ce, "Mutum yana cikin wannan hali kai kana neman abin taɓawa?" Amma na kawo. Ya yanka dankalin sala-sala, ya zuba ruwa a kwanukan, ya dama gishiri mai yawa a ɗaya, ɗayan ya bar shi zalla. Ya raba yankan dankalin ya jefa a kowanne. Ya ce a ba su lokaci, ya shiga ya yi sallama da Uwargida. Ranar na fara ganin Zubairu yana gaggawa, sai leƙa kwanukan yake yi yana tambayata ko Bazazzagin ya manta da mu.

Da ya fito ya tsamo yanki ɗaya daga ruwan zalla ya ba Zubairu. Ya yi tauri, da ya lanƙwasa shi sai ya karye ɗas. Ya tsamo na ruwan gishiri. Wannan ya yi laushi, ya yanƙwane, ana naɗe shi a yatsa kamar tsumma.

"Dukansu a cikin ruwa suke," in ji Malam Simon, "amma ɗaya ya sha, ɗaya an shanye shi. Ka ga dankalin nan, da saiwar mangwaronka, da jikina da naka, duk ƙananan ɗakuna ne jere kamar saƙar zuma, ido ba ya ganinsu sai da madubi na musamman. Su ake kira ƙwayoyin halitta. Kowane ɗaki cike yake da ruwa, kuma yana da tantani da ya kewaye shi. Sule, ka san tantanin nan na jikin albasa?"

Na ce sana'ata ce.

"To wannan ya fi shi siranta nesa. Ruwa yana ratsa shi ya shiga ya fita, amma gishiri ba ya wucewa da sauƙi. Shi kuma ruwa halinsa guda ne: duk ɓangaren da gishiri ko zaƙi ya fi yawa, can yake bi. Ruwan da ke cikin saiwa ya fi na ƙasa kauri, shi ya sa ruwan ƙasa yake shiga cikinta ba tare da tana da baki ba, ɗakunan su cika su yi tam, ganye ya miƙe. Takin nan kuwa dangin gishiri ne. Da ka zuba shi da yawa a ɗan wuri, sai ƙasar ta fi saiwa gishiri, ruwan ya juya baya."

Zubairu ya daɗe yana murza dankalin a hannu. Can ya ce, "Wato yanzu ba su suke shan ƙasa ba, ƙasa ce take shan su."

"Ko ni ban iya faɗarsa haka ba."

Ni kuwa sai na tuna kokwambar da nake barbaɗa wa gishiri kullum ina ganin ruwa yana taruwa a faranti, da latas ɗin da in ya yi yaushi nake tsoma shi a ruwan randa ya farfaɗo. Shekaru ina yi ban taɓa tambayar dalili ba.

"Da hannuna," in ji Zubairu. "Garin neman gira na rasa ido. Malam, abin da ya riga ya narke a ƙasa, yaya za a yi a tsince shi?"

Malam Simon ya tambaye ni ko ina da maganin nan na wanke ganye. Duk kukun gidan Bature yana da shi, wasu 'yan ƙwayoyi ne masu duhu da ake jefawa a ruwa kafin a wanke latas da tumatir. Na kawo tare da farar tasa cike da ruwa. Ya saki ƙwaya ɗaya a tsakiya ya ce kada kowa ya motsa. Muka zuba ido. Launin shunayya ya fara fita daga jikinta, ya yi kauri a gindinta, yana ta rarrafe zuwa gefe yana sirancewa, ba cokali ba muciya.

"Komai da ya narke haka yake," ya ce. "Daga inda ya cunkushe yake bazuwa zuwa inda ba shi da yawa. Haka ƙanshin miyar Sule yake iske ni tun daga bakin ƙofa ba wanda ya aiko shi. Da ɗan kaɗan ka barbaɗa can gefen garwa, da da kansa zai bi damshi ya iske saiwa. Yanzu sai mu ba shi wurin zuwa. A kwashe ƙasar sama, a huda gindin garewanin da yawa, a yi ta zuba ruwa mai daɗi yana wucewa. A tsoma su a ruwa, in ya ɗauki gishirin a zubar a sake sabo."

"Za su tashi?"

"Ban sani ba, Malam Zubairu. Littafi ya gaya mini dalili, bai yi mini alkawari ba."

Zubairu ya miƙe, ya ɗauko ƙusa da dutse. Malam Simon ya naɗe ƙafar wando ya cire takalmi, malami guda mai farar riga. Famfon gidan da yamma ɗigo yake yi, sai muka far wa duron ruwan sama da ke gindin indararo. Uwargida ta leƙo ta taga ta ga abin da ake yi, ta sa aka kwashe tangaran ɗin da ta shirya a cikin bahon wankanta na kwano, aka fito mana da shi. Garwa huɗu yake ci a lokaci guda. Ni ina ɗebo ruwa ina masifa, ina gaya wa Zubairu cewa mutumin da ba ya jin kalmar kaɗan ba a ba shi ko barkono ya riƙe. Yana cewa, "Gaskiyarka Sule, ƙaro ruwa." Naman da na sa a tanda ya zama gawayi. Mai Lofe ya ci kifin gwangwani a ranar.

Haka muka yi ta yi har ƙasar ta daina fitar da farin ɓawo. Daga nan sai Zubairu ya ci gaba da abin da ya sani. Ya rage ganyen da almakashi don kada su yi ta zubar da ɗan ruwan da ya rage musu, ya kafa musu rumfar zana, kowace safiya ya ɗan karce bawon reshe da farce ya duba. In ya ga kore sai ya ce alhamdu lillahi. In ya ga launin ruwan ƙasa, alamar ya bushe, sai ya janye garwar gefe. Na gefen sun yi ta ƙaruwa har na daina dubawa.

Ranar bikin 'yancin kai kowa ya yi ado ya tafi kallo, tituna duk tuta kore da fari, ana jin kiɗa tun daga nesa. Mu muna gindin rumfar zana. Wani dashe ya fito da toho, na yi ihu na ce an samu. Zubairu ya duba ya girgiza kai. A ƙasan ɗaurin ya fito, wato mangwaron gida ne ya farfaɗo, reshen da aka aura masa ya mutu. Ya sa farce ya tsinke shi.

Bayan 'yan kwanaki ina fere doya da safe na ji ya kira ni a hankali, kamar mai tsoron tashin jariri. Na je. A can saman wani reshe, sama da ɗaurin ramar, ga wasu 'yan ganye jajaye masu sheƙi kamar hanta, ba su kai farcen yaro ba. Na kusa da shi ma haka. Zubairu yana dariya hawaye yana bin gemunsa. Ni ma dai hayaƙin murhu ya shiga mini ido, ko da yake ban hura wuta ba tukuna.

Da lori ya zo, waɗanda suka rayu ba su kai goma ba. Ya jera su a bayan direba, ya zauna a tsakiyarsu ya rungume biyu. Malam Simon ya zo rakiya, ya kawo masa murfin kwalbar lemo ya ce, "Ga mudunka, Bakano. Ɗaya a kowace bishiya, can nesa da gindi." Zubairu ya karɓa da hannu biyu, sannan ya tura wa Malam gwanda uku a kwandon keke.

Na yi aiki a wani otal a nan Nasarawa, shekaru suka tafi. Muna jin labarin juna a bakin direbobi. Sai wata bazara na shirya na hau mota na je. Tun daga bakin ƙauyen na tambayi gidan Zubairu, aka ce, "Mai mangwaro?" aka nuna mini fadama. Bishiyoyin farko sun yi rassa sun haɗe kai, a bayansu ga wasu ƙanana jere da ya aura daga jikinsu, har a gonakin maƙwabta. Dije tana zaune a inuwa tana cika wa 'yan sari kwanduna. Shi kuwa ya rankwafa, yana dogara sanda, ga murfin kwalbar nan ya huda shi ya rataya a wuya da zare.

Ya tsinko guda ya goge a rigarsa ya miƙo mini. Na gatsa. Wallahi sai ga ni a ƙofar kicin ɗina na da, ina jin tarin Mai Lofe a baranda. Bishiyar da aka sare a gabana ce, ba abin da ya ragu, har ƙanshin.

Da zan tafi ya karɓi jakata ya shiga cusa mangwaro. Ta cika ya danna ya ƙara, har hannunta ya tsinke. Ya aika Dije ta kawo buhu.

Na ce, "Zubairu, har yanzu ba ka daddara da guzuri ba?"

Ya ɗaure bakin buhun, ya ɗora mini a ka. Ya ce, "Su ne ba sa son da yawa, Sule. Kai ai ba a garwa kake ba."